Laftof Ba Ta Lalace Ba, Zafi Ne Ya Sa Ta Rage Gudu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata matsala da ke cinye kuɗin ɗalibai da ƙananan ma'aikata da masu shagunan buga takardu a kowace bazara, wato zafin da kwamfutar tafi-da-gidanka take ɗauka har ta rage gudu. Sana'ata gyaran kwamfuta ce a Kano, kuma daga watan Maris zuwa Mayu kusan magana ɗaya muke ji daga bakin masu kawo mana aiki: ta yi nauyi, a yi mata fomatin, wato a goge duk abin da ke cikinta a sake sa mata Windows, ko kuma a ƙara mata RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da take riƙe aikin da ake kan yi. Da yawa daga cikin waɗannan kwamfutoci ba su buƙatar ko ɗaya daga cikin biyun. Iska suke buƙata, kuma rashin sanin haka yana sa mutum ya biya kuɗin gyara sau biyu ko uku, daga ƙarshe ya sayar da na'ura mai lafiya a wulaƙance.

Furosesa, wadda ita ce ke yin duk lissafin da ke cikin kwamfuta, ɗan gutsuren silikon ne da faɗinsa bai wuce na farce ba, amma a cikinsa akwai biliyoyin ƙananan makunnai da ke buɗewa suna rufewa sau biliyoyi a cikin daƙiƙa ɗaya. Duk wutar da ta shiga cikinta zafi take komawa. Kamfanin Intel yana auna furosesar siraran laftof, masu harafin U a ƙarshen lambarsu, a kan wat 15, masu harafin H kuma, waɗanda ake sa wa kwamfutocin zane da na wasanni, galibi a kan wat 45. Wat 15 ba wuta ce mai yawa ba, amma idan aka tattara ta a wuri ƙanƙani irin wannan, ba tare da an kwashe zafin ba, cikin 'yan daƙiƙu wurin zai haura zafin tafasar ruwa. Saboda haka masu ƙera ta suka dasa mata ma'aunin zafi a cikin jikinta, suka kuma yanke mata iyaka, wadda a yawancin furosesar Intel ta laftof digiri 100 ce a ma'aunin Salshiyos. Da zarar ta taɓa wannan iyaka sai ta rage saurin da take aiki da shi, ta rage ƙarfin wutar da take ja, har sai zafin ya sauka. Idan hakan bai wadatar ba, kwamfutar tana kashe kanta nan take ba tare da gargaɗi ba. Wannan tsari ba sabo ba ne, domin tun furosesar Pentium 4 da ta fito a shekarar 2000 Intel ya sa shi, kuma kamfanonin AMD da Apple duk suna da irin nasu. Shi ne dalilin da ya sa ba mu cika ganin furosesa ta ƙone ba duk da wahalar da muke ba ta.

Bari in ba da misali da wadda ta cika kasuwanninmu. Core i5-8250U, wadda ta fito a shekarar 2017, tana cikin laftof na hannu masu yawa na HP da Dell da Lenovo. Da gigahaz ake auna saurin furosesa, kuma saurinta na asali gigahaz 1.6 ne, amma idan tana da sanyi tana iya hawa har gigahaz 3.4 ta hanyar abin da Intel ya kira Turbo Boost, wanda ya fara fitowa a shekarar 2008. Mutumin da ya saya ya saba da wannan saurin na sama, shi yake ji a hannunsa idan ya buɗe Word ko ya shiga intanet. Ranar da zafi ya hana ta hawa, ko ya danne ta ƙasa da saurinta na asali, to ya rasa rabin ƙarfin kwamfutarsa ko fiye, alhali babu abin da ya lalace a cikinta, babu kuma saƙon da zai bayyana a allo ya gaya masa abin da ke faruwa.

Akwai alama mai sauƙi da kowa zai iya lura da ita, kuma ita nake so masu karatu su riƙe fiye da komai a wannan wasiƙa. Kwamfutar da zafi ke damunta tana tashi lafiya lau idan an kunna ta da safe, ta yi minti goma ko sha biyar tana gudu yadda ya kamata, sannan fankarta ta fara ƙara, gefen da iska ke fita ya yi zafi, bidiyo ya fara tsattsayawa, rubutu ya riƙa biyo bayan yatsa. A kashe ta ta huta rabin awa, sai ta dawo garau. Wadda matsalarta ƙarancin RAM ce, ko tsohon faifan ajiya da ya gaji, tun daga kunnawa take jan ƙafa, ko da sanyi ko da zafi. Wanda yake son tabbaci ya danna Ctrl da Shift da Esc tare, ya buɗe Task Manager, ya duba saurin furosesa a lokacin da take cikin aiki mai nauyi. Idan aiki ya yi yawa amma lambar gigahaz tana sauka maimakon ta hau, to mai yiwuwa zafi ne. Akwai kuma manhajoji na kyauta irin su HWiNFO da Core Temp da ke nuna zafin da lamba. Ganin digiri 80 ko 90 a lokacin haɗa bidiyo ba abin tsoro ba ne, domin haka aka ƙera siraran laftof na zamani su yi aiki. Abin damuwa shi ne kwamfuta ta zauna a digiri 70 ba a aikin komai da ita, ko ta kai 100 don kawai an buɗe shafukan intanet biyar.

Ya Edita, ba na cewa laifin duka namu ne. Kamfanoni suna gasar sirantar da laftof, kuma duk sirantar da aka yi, wurin iska ake ragewa. A watan Yuli na shekarar 2018 Apple ya fitar da MacBook Pro mai furosesar Core i9, masu gwaji suka gano cewa idan aka ɗora mata aiki mai tsawo tana faɗuwa ƙasa da saurinta na asali, har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri, ya ce kuskure ne a manhajar da ke kula da zafi, ya kuma saki gyara. MacBook Air da ta fito a shekarar 2020 da furosesar M1 ba ta da fanka ko ɗaya, rage gudu ne kaɗai hanyar da take kare kanta idan aiki ya daɗe. Amma mu a nan muna da ƙarin nauyi biyu da masu ƙera waɗannan na'urori ba su yi lissafi da su ba.

Na farko shi ne yanayinmu. Idan aka duba takardun bayanin da Apple da Dell da HP suke bayarwa, za a ga iyakar zafin ɗakin da suka ce a yi aiki da yawancin laftof ɗinsu digiri 35 ne. A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafin watan Afrilu yana haura digiri 40 a inuwa, ballantana ɗakin kwano marar silin da tsakar rana, an ɗauke wuta, fankar sama a tsaye. Fankar laftof ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take ja ta hura a kan ƙarfe mai zafi, saboda haka idan iskar da ta shigo ta riga ta ɗumi, abin da za ta kwashe kaɗan ne. Kwamfutar da ke zama a digiri 85 a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, ita ce za ta bugi 100 a ɗakin kwanan ɗalibai, kan aiki iri ɗaya.

Na biyu kuma, wanda ya fi na farko ɓarna, ita ce ƙurar hunturu. Yadda aka tsara fitar da zafi shi ne, akwai wani bututun jan ƙarfe da aka kwantar a kan furosesa, a cikinsa akwai ɗan ruwa kaɗan da aka rufe. Zafi yana mai da ruwan tururi, tururin ya tafi ɗaya ƙarshen bututun inda aka jera siraran faifayen ƙarfe dab da juna, fanka ta hura musu iska, tururin ya koma ruwa ya dawo. Tsakanin waɗannan faifaye ratar ba ta da yawa, kuma nan ne ƙura ke maƙalewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu fanka tana ta zuƙar ƙura tana turawa can, ƙurar ta haɗu da zaren bargo da gashi, ta daskare ta zama dunƙule guda mai kauri da ya toshe bakin faifayen daga ciki. Daga waje ba a ganin komai, ramukan iska fes suke. Sai an kwance murfin ƙasa, an cire fankar, sannan za a ga abin kwance, launin toka, ana sa ɗan tsinke a ɗago shi ya fito gaba ɗaya. A lokacin hunturu sanyin gari yana rufa wa kwamfutar asiri, shi ya sa mai ita ba ya lura. Da bazara ta shigo sai komai ya bayyana, fanka tana ta kuka amma idan ka sa hannu a bakin ramin ba ka jin iska tana fita.

Sai batun man da ake shafawa tsakanin furosesa da bututun jan ƙarfen. Fuskokin ƙarfe biyu, komai sulɓinsu a ido, suna da ƙananan ramuka da iska ke fakewa a ciki, iska kuwa ba ta wuce da zafi da kyau. Aikin man shi ne cike waɗannan ramuka. Da shekaru yana bushewa, ya tsattsage, ya riƙa ɓarɓashi idan an taɓa. Yawancin laftof da ake kawo mana daga Turai da Amurka sun riga sun yi shekaru suna aiki a ofisoshi kafin a sauke su a Legas su biyo hanya zuwa Arewa, kuma man da aka shafa musu tun a masana'anta shi ne har yanzu a ciki. Ana goge jikinsu su yi ƙyalli, ana sa musu sabuwar Windows, amma ba kasafai ake buɗe cikin ba. A nan zan juya ga 'yan uwana masu sana'a, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na sha buɗe kwamfutar da aka ce an canja mata mai, in tarar da man goge baki ne aka lafta, wanda yake bushewa cikin 'yan kwanaki ya bar mai kwamfuta cikin halin da ya fi na da muni. Na ga kuma inda aka sa man kirki amma ba a goge tsohon ba, ko aka ɗaure kusoshi huɗun da ke danne bututun ba bisa jerin lambobin da aka rubuta a jikinsu ba, ƙarfen ya karkace, gefe ɗaya bai zauna ba. Ɗigo kaɗan ake buƙata, bayan an goge tsohon tas da sifirit mai kyau.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ake karɓar kuɗin mutane a kan maganin da bai dace da cutar ba. Babu direban da motarsa za ta yi zafi saboda lagireto ta toshe, ya je ya sayi sababbin tayoyi, amma kullum haka ake yi wa masu laftof. Ana yin fomatin, ɗalibi ya rasa rubutun binciken da ya yi wata da watanni yana haɗawa, kwamfutar ta ɗan yi sauƙi na mako ɗaya saboda an share manhajojin da ke aiki a ɓoye, sannan ta koma gidan jiya. Ƙarin RAM da sauya tsohon faifan ajiya da SSD, wato ma'ajiyar zamani mai sauri, suna da amfani ƙwarai a inda ake buƙatarsu, ni ma ina ba da shawararsu, sai dai ba su rage wa furosesa ko digiri ɗaya idan hanyar iska a toshe take.

Ya kamata kuma a sani cewa ba duk rage gudu ne daga zafi ba. Cajar Dell da ta HP masu zagayayyen baki suna da ɗan tsinke a tsakiya da kwamfuta ke gane ƙarfin cajar da shi. Idan cajar jabu ce, ko tsinken ya karye, ko ƙarfinta bai kai abin da ake buƙata ba, kwamfutar tana iya danne furosesa da gangan, har a ga ta maƙale a gigahaz 0.79 ko da jikinta da sanyi. Wanda ya ga haka ya ari caja ta asali ya gwada kafin ya kai wa kowa gyara. A wani ɓangaren kuma, manhajojin sata da ake saukewa daga intanet sukan zo da ɓoyayyen shiri da ke amfani da furosesar mutum wajen haƙar kuɗin kirifto, fanka ta yi ta gudu dare da rana ba a san dalili ba. Task Manager yakan nuna irin wannan, idan aka ga wani shiri da ba a sani ba yana cin kaso mai yawa.

Mai kwamfuta da kansa yana da abin yi, kuma mafi yawansa ba ya cin ko kwabo. Yawancin laftof daga ƙasa suke shaƙar iska, saboda haka ɗora su a kan katifa ko filo ko darduma daidai yake da toshe ramukan gaba ɗaya. Na san da yawa daga cikin ɗalibanmu ba su da tebur, a kan gado suke karatu, to ko faranti ko guntun katako mai faɗi aka sa a ƙarƙashi ya wadatar, idan kuma aka ɗaga bayanta kaɗan da murfin kwalba biyu, iskar ta fi samun hanya. Faifan nan mai fanka da ake sayarwa don a ɗora laftof a kai yana taimakawa kaɗan, amma ba ya maye gurbin share ƙurar ciki. Aiki mai nauyi, irin haɗa bidiyon biki ko zanen gini, a bar shi sai da asuba ko da dare. A cikin saitin wuta na Windows akwai wurin da aka rubuta Maximum processor state, idan aka sauke shi daga 100 zuwa 99, a yawancin kwamfutocin Intel hakan yana kashe Turbo Boost, zafi ya sauka sosai, kuma mai buga takardu ko karatu ba zai ji wani bambanci na a zo a gani ba. Kwamfutar da ke tafiya a matsakaicin gudu ba yankewa ta fi daɗin aiki a kan wadda ke zabura tana faɗuwa.

Akwai dabaru biyu da nake roƙon a daina. Kai laftof wurin mai faci ya hura mata iskar taya yana juya fankar da saurin da ya wuce ƙarfinta har ya lalata ta, ga shi kuma iskar irin wannan injin takan zo da danshi. Idan za a hura, a riƙe fankar da tsinke kada ta juya. Sa kwamfuta a firji kuwa yana tara raɓa a kan allon kayan wutar da ke cikinta, wannan kuma shi ne lalacewa ta gaske, wadda sau da yawa ba ta da gyara. Haka nan rufe murfi a jefa ta cikin jaka ba tare da an tabbatar ta mutu ba, ko barinta a mota a rana, yana gasa batirin. Batirin litiyam ba ya son zafi, yana rage masa kwana, wani lokacin ya kumbura har ya ɗago wurin da ake jan yatsa. Duk wanda ya ga haka ya daina caji, kada ya danna ko ya huda shi, ya kai a cire, domin yana iya kamawa da wuta.

Ga mai shirin sayen laftof na hannu, kunnawa a ga allo ya kawo haske bai isa gwaji ba, tun da kowace kwamfuta lafiyarta ƙalau a minti biyar na farko. Ya nemi a bar shi ya kunna bidiyo mai nauyi tare da buɗe shafuka da dama na tsawon minti ashirin, yana duba zafi da sauri, yana kuma jin iskar da ke fita da hannunsa. Ɗan kasuwar da ya yarda da kayansa ba zai hana ba.

Maganar ta wuce ɗaiɗaikun mutane. Tun shekarar 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, kuma galibi tana faɗowa ne a cikin bazara. A yi lissafin zaure mai laftof 250: idan kowace tana fitar da zafin wat 30, an sami wat 7,500 ke nan, sannan kowane ɗan Adam a zaune yana fitar da kusan wat 100, wato ƙarin wat 25,000. Idan na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya a irin wannan zaure, kwamfutocin da ba a share musu ƙura ba su ne za su fara nauyi ko mutuwa, kuma yaron da ke zaune gabansu shi zai ɗauki asarar. Ina kira ga masu irin waɗannan cibiyoyi, da makarantu da ma'aikatun da ke sayen kwamfutoci da yawa, da su ware ɗan kuɗi a kasafinsu don buɗe kowace na'ura a share ta sau ɗaya a shekara, a kuma sabunta man furosesa duk bayan shekara biyu ko uku. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Fabrairu, bayan ƙura ta lafa kuma kafin zafi ya kankama.

Daga wurinka kuma, ya Edita, ina roƙon jaridarka ta riƙa tunatar da masu karatu wannan batu a daidai wancan lokaci na shekara, da hotunan cikin laftof da ke nuna inda ƙurar take taruwa, domin mutum ya san abin da zai ce a duba masa. Su kuma abokan sana'ata, ina ba su shawara su riƙa nuna wa mai kaya lambar zafin kwamfutarsa kafin a taɓa ta da kuma bayan an gama, su ajiye masa ƙurar da aka ciro ya gani da idonsa kafin ya biya.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka mai karatu,
Wani mai gyaran kwamfuta, daga Kano.